Dokar Sa Hannu Biyu

Ni na rubuta dokar da ta kori ƙanwata daga aiki, kuma har gobe ina ganin dokar ba ta da laifi.

Lauya ne ni a hukumar kula da sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam ɗaya tal gare mu, amma in ka ga takardun da muke tarawa a kansa sai ka rantse rabin sama tamu ce. Auta, ƙanwata, tana cikin injiniyoyin da ke sarrafa shi daga wani ɗaki mai sanyin tsiya a hawa na biyu, allo shida, kujeru uku, ɗaya ƙafarta a karye. Tun tana ƙarama kanta ke ja fiye da nawa, kuma Mama ba ta taɓa gajiya da faɗin haka a gaban baƙi ba.

Sama cike take da tarkace, guntayen tsofaffin rokoki da matattun taurari, suna gudun da ya fi na harsashi. In wani ya nufo namu, sai a kunna injinsa a kauce. Amma kowace kaucewa mai take ci, kuma babu gidan mai a can. Mun yi yarjejeniya da sauran ƙasashe cewa za mu ajiye man da za a sauko da tauraron idan ya tsufa, kada shi ma ya zama shara. Shi ya sa na rubuta cewa ba a taɓa injin sai da sa hannun Darakta da na mataimakinsa.

Wata Asabar da hantsi ina shagon aski, an aske rabin kaina, Auta ta kira.

"Yaya, an turo gargaɗi. Wani guntun roka zai gifta ta hanyarmu ƙarfe biyu da kwata. In ban kunna injin kafin sha biyu ba, lokaci ya ƙure."

"To kira Darakta mana."

"Yana can taron ƙasashe yana jawabi a kan tsabtace sama, wayarsa a kashe. Mataimaki kuma ya ce shi ba ya sa hannu sai ya ga hannun Oga a saman nasa."

"Tabbas zai buge mu?"

"Aikin nan ba shi da tabbas, Yaya. Ɗaya cikin ɗari uku ne, kuma a wurinmu wannan ba wasa ba ne. In ya buga, ba namu kaɗai zai tafi ba. Ɓaraguzan za su yi shekaru suna bin na mutane."

Mai aski ya kashe injinsa, ya baza kunne. Mutum uku da ke jiran layi su ma suka yi tsit. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda suke kallona. Sai na ɗaga murya.

"Ki matsar da shi. Ni na rubuta dokar, ni zan tsaya miki."

Ta matsar da shi. Ƙarfe biyu da kwata ta yi, ta wuce, babu abin da ya faru. Man wata biyar ya ƙone, kuma babu abin da za a nuna wa kowa a ce ga shi.

Darakta ya dawo ranar Talata yana huci. Ba man ne ya dame shi ba. Wani ɗan jarida ne ya tambaye shi a filin jirgi dalilin da ya sa tauraronsa ya canja hanya, ya tsaya yana zare ido, bai san an yi ba. A ranar aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki, tunda ni na san dokar.

Aka zaunar da Auta a ƙarshen dogon tebur, ba ko ruwa a gabanta. Ta zo da takardun lissafinta a jere. Shugaban kwamitin bai ko buɗe su ba.

"Malama, ba darasi muka zo ɗauka ba. Ya buga ko bai buga ba?"

"Bai buga ba, saboda na kauce."

"To wa ya ce da zai buga? Wa ya ba ki izini?"

Ta ce ta kira lauyan hukuma, ya ce ta yi. Kowa ya juyo gare ni. A makon ne ake maganar ba ni shugabancin sashen shari'a, kuma Darakta na zaune kusa da ni, har ina jin ƙamshin turarensa.

"Ta kira ni," na ce. "Minti huɗu. Maganin hawan jinin mahaifiyarmu ne ya ƙare, shi muka tattauna. Ranka ya daɗe, ni da na rubuta doka, ta yaya zan ce a taka ta?"

Auta ta dube ni kawai, ta tattara takardunta. Kafin Juma'a an karɓe katinta da lasisinta, maigadi ya raka ta har bakin ƙofa kamar ɓarauniya. Ni na tsara wasiƙar korar, kuma ta yi kyau, ko waƙafi ba a gyara mini ba.

Bayan wata guda sai ga rahoto daga cibiyar da ke bin diddigin tarkace a wata ƙasa. Sun sake awo, suka gano da tauraron bai motsa ba, da guntun ya ratsa ta cikinsa. Aka yi ta aiko wa Darakta wasiƙun yabo, har aka gayyace shi ya koya wa wasu ƙasashe yadda ake yi. Ya kira ni ofis fuskarsa kamar gonar auduga, ya ce a gyara dokar, duk injiniyan da ke bakin aiki ya iya kaucewa in lokaci ya ƙure.

"Yarinyar nan fa?" ya tambaya, yana duba wayarsa. "Ko mu dawo da ita?"

In an dawo da ita, sai an sake buɗe fayil, in an buɗe fayil, sai an sake tambayar minti huɗun nan. Na ce masa doka ba ta komawa baya, in muka yi haka mun nuna wa duniya mun yi kuskure. Ya gyaɗa kai. Na je na ƙara sakin layi ɗaya a ƙarshe: wannan gyara bai shafi hukuncin da aka riga aka yanke ba. Sauran bayanin kuwa daga takardun Auta na kwafe shi, tunda kwafinsu na cikin fayil, kuma ta fi ni iya tsara magana.

Ran da jarida ta buga hotona da sabuwar dokar, na kai wa Mama. Na tarar da Auta a falo tana duba littattafan yara, don yanzu lissafi take koyarwa a wata makaranta a bayan layinsu. Ba ta taɓa gaya wa Mama abin da ya faru ba, cewa ta yi ita ce ta yi kuskure. Idon Mama ya yi rauni, sai ta miƙa mata jaridar.

"Karanta mini, ki ji yadda masu bin ƙa'ida ke ci gaba. Ke da na ɗauka kin fi shi hankali."

Shekara talatin ina jiran in ji wannan maganar daga bakin Mama, kuma na ji daɗinta.

Auta ta karanta tun daga farko, kalmominta ne a bakinta da sunana a kai, har sakin layin ƙarshe. Ta ninke jaridar, ta ajiye a kan cinyar Mama.

"Yaya, maganin Mama ya kusa ƙarewa," ta ce. "Na faɗa maka a gabanta ne, don kada sai na kira ka a waya."