Wurin Juya Tirela

Tun da aka ce filin ya zama namu ban ƙara ɗinka riga da cikakken hankalina ba. Wata mata ta kawo mini yadi a yi mata doguwar riga, na juya bayansa na zana falo da ɗakuna uku da alli, har da inda taga za ta kalli rafi. Da ta zo karɓa ta ga sauran allin, ta ce, "Tela, wannan kuma wane sabon yayi ne?" Na ce mata gidana ne, ta yi haƙuri, wanki ɗaya zai fita.

Filin yana bayan wani ƙauye, nesa da ɗakin hayar da muka tsufa a ciki. Tudu ne ta sama, ya gangaro a hankali har bakin rafi, ga wata ƙatuwar bishiya a kusurwa mai inuwar da za ta ɗauki dangina kaf. Ni 'yar birni ce, ban taɓa riƙe fartanya ba, kuma tsoron saniya nake yi har gobe. Abu ɗaya ne ya sa na yarda da zaman ƙauye: so nake maigidana ya sauka daga mota. Direban tirela ne tun kafin a haifi babbar 'yarmu. Ni kaɗai na raini yara, ni kaɗai na aurar da su kusan, shi yana can bayan sitiyari. Yanzu bayansa ya fara ciwo, idonsa ya daina jure hasken motocin da ke tahowa, kuma bara wani amininsa ya fita da kaya bai dawo ba. Ya yi mini alkawari da bakinsa: ranar da aka gama gida da ɗakin shanu, zai miƙa wa mai motar makullinsa. Wannan alkawarin nake ginawa, bulo da kwano duk bi-ta-baya ne.

Ranar kafa turaku mu uku muka tafi: ni, da shi, da ƙanena, wanda magini ne kuma bakinsa ya fi cokalin gininsa kaifi. Shi ya kawo igiya da guduma da damin turaku. Ni kuwa na cika jaka da ƙyallayen da suka rage a shago, ja na gida, kore na dabbobi, don kada a wayi gari an gina mini kicin a inda akuya za ta kwana.

Muna sauka na cire takalmi. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ciyawa ta jiƙa mini bakin zane, ni ko a jikina. Maigida ya buɗe hannuwa kamar zai rungumi tudun, ya kwaɗa wata irin ƙara da ta tayar da tsuntsaye daga bishiya.

"Yaya, riƙe mijinki," in ji Magini. "Maƙwabta za su ce mahaukata ne suka sayi filin."

"Su faɗa," in ji maigida. "A filina nake haukata."

Da gida muka fara, a can saman tudu. Magini yana ja da igiya, ni ina bin sa da tef ɗina na awo a wuya, duk da cewa tef ɗin ko faɗin ƙofa biyu bai kai ba. Duk inda ya ce nan bango zai tsaya, sai in ce ya ƙara kaɗan. Ya ƙara a falo, ya ƙara a kicin, da muka zo banɗaki na sake cewa ya ƙara, sai ya ajiye guduma.

"Wai ƙarin na mene ne?"

"Rara mana. Wa ke yanka daidai da awo?"

"Yaya, bulo ne fa. Ba ya tsukewa in an wanke shi."

Maigida ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Na ƙyale su, amma sai da na ci rarata a ɗakin ɗinki. Na sa aka ba shi taga babba ta gabas, inda hasken safe zai sauka a kan allura ba sai na ƙanƙance ido ba. Na tsaya a tsakiyar igiyoyin na taka ƙafa kamar ina kan keken ɗinki. Wallahi har ƙarar keken na ji a kunnena, kuma daɗi ya kama ni.

Da aka zo ɗakin shanu, sai maigida ya karɓi ragama. Ashe shekara da shekaru yana tara ɗakunan shanun mutane a kansa. Duk wanda ya hango ta tagar mota ya adana shi. Akwai wani mai dogon rufi da ya gani bayan wata gada, akwai wani mai bene na ajiye busasshiyar ciyawa a sama, akwai mai ƙofa biyu, iska ta shiga nan ta fita can. Yana bayani yana zana su a iska da hannu, idonsa yana ƙyalli kamar na yaron da aka saya wa keke.

"To cikin fa, Yaya Direba?" in ji Magini. "Kwamin abinci ta ina? Fitsarinsu ta ina zai bi?"

Maigida ya sosa ƙeya. "Ai ban taɓa shiga ba. A guje nake wuce su."

"Madalla. Za mu gina wa shanu bayan gida, cikin kuma su ji da kansu."

Haka dai suka yi ta yi. Magini ya tsinko ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, ya ce a ajiye ɗakin ta ƙasa, don wari ya bi rafi kada ya bi hancina. Suka yanka wurin shanu, da wurin awaki, da lungun 'yan maruƙa, da ɗakin dusa mai ƙofar da ɓera ba zai samu kafa ba. Ina bin su ina ɗaura koren ƙyalle, ina raɗa wa shanun da ba a saya ba suna.

Sai dai duk lokacin da Magini ya kafa turken farko na ɗakin, maigida sai ya ja da baya ya auna da ido ya ce, "Ƙara matsawa ƙasa." A matsa. Ya sake cewa a matsa. Har tsakanin jan ƙyalle da kore ya zama wani makeken fili da za a iya buga ƙwallo a ciki. Na ce da damina wa zai ratsa wannan da bokitin madara? Ya ce iska ce yake so ta wadata. Da aka zo ƙofar shiga daga hanya, ya sa aka buɗe ta har sai da Magini ya tambaya ko giwa za mu yi kiwo. Ban kawo komai a raina ba. Murna ta toshe mini kai.

Rijiya ce ta tona asirin. Magini ya ce in dai ta kasance sama da ɗakin shanu, yadda ƙazantar ba za ta gangaro mata ba, ko'ina a tsakiyar nan ya yi, ta yi kusa da kicin ta yi kusa da dabbobi. Maigida ya karɓi turken ya wuce da shi can jikin iyaka, kusa da ƙaya, ya soka.

"Baban Auta, can zan riƙa zuwa ɗiban ruwa?"

"Nan ta fi. Kada ta tare hanya."

"Hanyar wa?"

Bai ji ni ba. Ya riga ya koma bakin ƙofar da aka buɗe wa giwa. Ina tsaye da ƙyalle a hannu na ga ya juya wa filin baya, ya fara tafiya da baya da baya, a hankali. Hannunsa na dama yana murza iska, kansa a karkace yana leƙen kafaɗar hagu, inda madubi yake zama. Ya yanko wani faffaɗan lanƙwasa ta tsakiyar filin, ya ɗan tsaya, ya gyara, ya ci gaba har ya daidaita jikin igiyar ɗakin shanu. Sai ya taka ƙasa da ƙafar dama, ya ce wa kansa, "Ta shiga."

Na san wannan tafiyar. Na sha ganinta a garejinsu.

"Me ta shiga?"

Ya ɗago. Ya dubi hannunsa da ke rataye a iska, ya sauke shi da sauri kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Tipa nake nufi. Masu kawo yashi."

"Magini, tipa tana buƙatar wannan filin?"

Ƙanena ya dubi ni, ya dubi surukinsa. "Rabin rabinsa ma ya ishe ta," ya ce a hankali. Sai ya tuna wai ya bar ruwan sha a gindin bishiya, ya sulale.

"Tirela ka auna," na ce. "Gidan da muke ginawa don ka sauka, shi ka yanka wa wurin juya tirela. Ni ina can ina rabon tagogi kamar sakarya, kai kana nan kana gyara mata wurin kwana."

"Wallahi, Maman Auta, ban zauna na shirya ba. Ƙafafuna ne suka auna."

"To ƙafafunka sun fi bakinka gaskiya."

Na zaci zai yi faɗa, don ya iya. Sai ya tsuguna ya tsinki wani ganye yana juya shi a yatsa.

"Duk inda na shiga a duniya," ya ce, "kafin in kashe mota sai na san ta inda zan fita. Haka aka koya mini, haka na rayu. A kan titi babu mai nuna mini komai. Nan kuwa ko sunan wannan ganyen ban sani ba. In shanun suka ƙi ni fa? In na zuba ƙarfina shekara biyu abin ya watse, in zauna a baranda ina kallon ki kina ciyar da ni?"

Tausayinsa ya taso mini, na danne shi, don ban gama ba.

"Ni fa? Wa zai biyo ni nan da leshi? Matan da na yi wa ɗinkin aure har na yi wa 'ya'yansu, duk na bar su. Saniya in ta kalle ni neman hanyar gudu nake. Ka ga na bar wa kaina wurin juyawa? Na gaji da jin waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ban ce ka iya kiwo ba, Baban Auta. Cewa na yi ka zauna, mu rasa iyawar tare."

Ya miƙe ya gangara wajen rafi, ni kuma na zauna a cikin igiyoyin kicin ɗina na juya masa baya. Na ji haushin kaina da na yi kuka a ranar da na fi kowace rana jira.

Ƙarar fizgar abu daga ƙasa ce ta sa na waiwaya. Ya tumɓuke turken rijiya daga jikin iyaka. Ya taho da shi a kafaɗa, ya bi sawun da ƙafafunsa suka kwantar a ciyawa, har daidai gwiwar lanƙwasan, inda ya tsaya ɗazu ya gyara. Nan ya dasa tsininsa.

"Magini! Kawo guduma."

Ƙanena ya taho da gudu-gudu. Ya dubi wurin, ya dubi gangaren, ya gyaɗa kai. "Wuri ya yi. Amma Yaya Direba, rijiya ba turke ba ce. In aka haƙa, an haƙa."

"Na sani. Ba ni."

Ya buga. Ya sake bugawa. Ya yi ta bugu har kan turken ya tsage, har Magini ya ce ya isa haka, ba yau za a cim ma ruwan ba. Sannan ya ajiye gudumar, ya koma bakin ƙofa, ya juya baya, ya sake tahowa da hannu a iska. Ya karya ta hagu, turken ya tare shi. Ya koma ya gwada ta dama, igiyar kicin ta tare shi. Ya tsaya yana haki, gumi yana bin wuyansa.

"Ba ta juyuwa," ya ce. "Ko ni ba zan iya juya ta a nan ba."

Magini ya yi tafi yana ihu, ni ma na tashi ina dariya da hawaye a fuska. Amma da na matso na ga idon maigida, sai na rage murya. Na ga abin da ya ajiye, kuma ba ƙarami ba ne. Na kama hannun nan da ya saba da sitiyari, na riƙe shi gam.

Ya daɗe yana kallon koren ƙyallayen da iska ke kaɗawa a ƙasan tudu. Sannan ya sunkuyo, yadda ƙanena ba zai ji ba.

"Maman Auta," ya ce, "ita saniyar, ta wane gefe ake zama in za a tatse ta?"