Hannun Baba Mijinyawa

Ranar Litinin aka liƙa takardar a ƙofar ofishinmu: gwamnati za ta rage ma'aikata, kwamitin tantancewa zai iso Keffi ranar Alhamis, kowa ya zo da takardunsa. Sau uku na karanta ta a tsaye, jakata a hammata. Tun daga nan zama ya gagare ni. In zauna, in tashi in leƙa taga, in dawo in buɗe fayil ɗina in sake duba takardun da na gama dubawa yanzun nan.

Mu tara ne a sashen noma. Bari in faɗi gaskiya tun da wuri, kada wani ya ɗauke ni waliyyiya: ba kullum muke zuwa aiki ba. Ni Hansai ina da shagon atamfa a unguwar Yara, sai sha ɗaya nake leƙowa, wata rana ma ko leƙen babu. Mabel tana da gonar doya a Garaku. Siman yana da keke-napep biyu a Sabon Gari, wuni yake yana bin direbobinsa da masifa. To me za mu zauna yi? Tun da motar sashen ta mutu babu wanda ya sake zuwa duba gonar kowa.

Mutum ɗaya ne ba ya fashi, Baba Mijinyawa, masinjanmu. Shekararsa talatin da uku a aiki, saura biyu ya yi ritaya ya fara karɓar fansho. Bakwai da rabi ya buɗe ofis, ya share, ya ɗauko rajistar zuwa aiki. Da farko waya muke buga masa mu ce, "Baba, a sa ni," sai ya rubuta sunan mutum da lokaci, ya sa masa hannu. Daga baya ko wayar ma muka daina bugawa.

Ranar Talata kwamiti ya aiko a kai masa rajistocin shekara uku. Baba yana cikin ɗaure su da igiya, ɗan aiken yana tsaye a ƙofa yana kaɗa makullin mota, Mabel ta zari ɗaya tana buɗawa. Ta buɗe shafi, ta buɗe wani, sai na ga ta tsaya.

"Baba, ina sunanka?"

"Ai ni ba na sawa," in ji shi. "Tun zamanin shugabanmu na farko ya ce mai riƙe littafi ba ya shiga littafi. Shi ne shaida."

"Shekara talatin da uku?"

"Kowa ai yana ganina, 'yata."

Ya karɓi littafin daga hannunta, ya ɗaure, ya miƙa. Muna kallo aka saka su a bayan mota.

Siman ya ce mu daina tayar wa kanmu hankali, babu mai lokacin karanta wannan tarin shara. Ya faɗa ne yana goge gumi da hularsa. Ranar Laraba na buɗe shago na rufe har sau biyu. Wata mata ta ce in yanka mata yadi shida na yanka huɗu, da ta yi magana kuma na hau ta da faɗa kamar ita ta kafa kwamitin. Na hau acaɓa zuwa ofis, na tarar ba abin da zan yi a can, na sake hawowa na dawo. Abu, maigidana, ya ce in ci abinci. Na ce masa ya ƙyale ni. Shi ya riga ya yi ritaya, yaranmu uku suna makaranta, albashin nan da nake rainawa shi ne ke riƙe da gidan.

Ranar Alhamis aka jera mu a benci a babban zaure, fanka ɗaya tana juyawa kamar an roƙe ta. Shugabar kwamitin wata Madam Filomina ce, siririya mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Aka kira ni. Ta duba takardar ɗaukata aiki, ta duba ta haihuwa, ta buɗe rajista ta ga sunana kullum takwas saura kwata. Ta ce in koma in zauna. Haka Mabel, haka Siman, haka sauran.

Baba ne na ƙarshe. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya cire takalmi tun daga nesa, ya rusuna.

"Malam Mijinyawa," in ji Madam, "shekara uku sunanka bai fito ko sau ɗaya ba. A wurinmu kai ma'aikacin bogi ne."

Muka ɗauki magana gaba ɗaya: wallahi yana zuwa, shi ke buɗe ofis, a tambayi mai shayin bakin titi. Ta bari muka gama.

"Duk ofishin da muka je haka ake rantse mana," ta ce. "Jiya an rantse mini a kan mutumin da ya shekara huɗu a kabari. Takarda nake so."

Ta ci gaba da buɗe shafuka a hankali. Ta cire tabarau, ta matso da littafin kusa da fuskarta.

"Na daɗe a aikin nan," ta ce. "Mutum takwas, amma yadda ake rubuta lokaci iri ɗaya ne sak. Baba, in kai ne kake rubuta musu, to ka samu hujjarka, don wanda ba ya zuwa ba zai cika littafi kullum ba. Gargaɗi kawai zan rubuta maka." Ta tura masa farar takarda da biro. "Rubuta mini Hansai Sha'aibu, takwas saura kwata."

Babu wanda bai gane ba. In ya rubuta, ya tsira da aikinsa da fanshonsa, mu takwas kuma mun tafi. Mabel ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ni kuwa addu'a nake yi a zuci, kuma ba zan ɓoye abin da na roƙa ba: Allah ya sa kada ya rubuta. Har yau ina jin kunyar wannan addu'ar.

Baba ya dubi biron. Bai waiwayo ya dube mu ba, da ma ya waiwayo da na fi samun sauƙi.

"Ranki ya daɗe, ban iya boko ba," ya ce. "Dangwala yatsa nake yi."

Madam ta janye takardar da biron. Sannan ta juyo gare mu.

"Akwai mai magana?"

Siman ya sunkuyar da kai. Mabel ta saki hannuna. Ni kuwa na rungume jakata na kawar da kai. Madam ta mayar da tabarau, ta ja jan biro a kan sunansa a jerin ma'aikata, ta ce ya miƙa makullin ofis kafin a tashi.

Na same shi a gindin mangwaro yana kwance kekensa. Na tsaya ina murɗa bakin mayafi, na rasa ta inda zan fara.

"Baba, me ya sa ka yi haka?"

"Ku takwas ne, Hajiya, kowa da iyali." Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya dafa sirdi. Sai ya rage murya. "Gobe ki yi sammako ki sa hannu da kanki. Kuma ki riƙa jan wutsiyar sa hannun naki ƙasa sosai, haka nake yi miki. Kada su ga ya bambanta."