Man da Ba Ya Daɗewa

Malam Isiyaku mai injin matsar gyaɗa a Goron Dutse ba ya son a ce ya tsufa, amma wallahi ya tsufa. Tun rasuwar matarsa gidan ya rage shi kaɗai, sai injin da ke ruri a zaure. A kawo gyaɗa, a matse, a tafi. Wa zai zauna hira cikin wannan ƙara?

Ɗansa Mikail, injiniya a wani kamfani a Bompai, ba ya leƙowa sai lokacin canza man giyabos, wato akwatin giyar injin, ya yi, bayan 'yan watanni ke nan. Ranar tun safe tsohon yake share zaure, ya sayo gurasa. Tsohon man giyabos ba ya saurin tsiyayewa, kafin ya gama ɗiga sun sha hira. Wannan zaman shi ne duk abin da ya rage masa.

Wata Asabar sai ga Mikail da galan biyu.

"Baba, zaɓi ɗaya. Wannan irin wanda muka saba ne. Wannan kuma sintetik, shi muke zubawa a kamfani. Yana jure zafi, ba ya saurin lalacewa. In na zuba maka yau, sai ka shekara biyu ba a buɗe injin nan ba."

Shekara biyu!  Tsohon ya san yaron gaskiya ya faɗa, ai kunnensa na jin yadda haƙoran giya ke kuka da rana ta take.

"Kai, raba ni da man zamani," in ji shi, yana ɗaure fuska. "Zai cinye min robobi, ya dinga yoyo. Zuba na da."

"Baba, na canza robobin bara."

"Na ce na da!"

Mikail bai ƙara musu ba, yaro ne mai ladabi. Ya zuba, ya ɗaure noti, ya goge hannu. Daɗi ya kama tsohon, ya tura masa gurasa.

"Shi ke nan, Baba," in ji Mikail yana duba waya. "Dama aiki ne ya yi min yawa, shi ya sa na kawo wancan. Amma kar ka damu. Zan yi wa Jibrin makaniken Kabuga magana, shi zai riƙa zuwa yana canza maka."