Tayoyi Masu Ƙusoshi

Tuomo Rautio mutum ne mai hankali, matuƙar ba a ce ya zaɓi abu ɗaya cikin biyu ba. Nan ne asirinsa ke tonuwa. Ya taɓa tsayawa gaban burodi iri biyu a kanti har wata mata ta ɗauka ma'aikacin wurin ne, ta tambaye shi inda ake ajiye madara. Ya kuwa nuna mata.

Zaɓin bana ya wuce na burodi. Bara, a farkon hunturu, keke ya zame da shi a kan gadar da yake bi zuwa ofis, ya dafa ƙasa, wuyan hannunsa ya karye. Ranar da aka cire masa filasta, matarsa Outi ta yanke hukunci tana kurɓar kofi, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ka sake faɗuwa, keken nan ya shiga ɗakin ajiya sai ƙanƙara ta narke. Ka bi bas kamar kowane dattijo."

"Dattijo kuma? Ko furfurar kirki ba ni da ita."

"Ƙashinka yana da ita."

A garinsu Oulu, can ƙasar sanyi, inda 'yan firamare ma ke tuƙa keke zuwa makaranta cikin dusar ƙanƙara, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Kuma tafiyar safen nan ita kaɗai ce lokacin da babu mai tambayar Tuomo komai a duniya. Da ganyayen bishiyoyi suka gama zuba, sai ya nufi shagon Aulis, abokinsa tun na makaranta, mai sayar da kekuna.

Aulis ya sauko masa da tayoyi biyu daga bango, masu ƙusoshi a jiki don kada su zame a ƙanƙara. Ɗaya ƙusoshinta jefi-jefi ne a gefe, ɗayar kuwa kamar bayan bushiya.

"Wacce ta fi?" in ji Tuomo.

"Ya danganta da inda kake son faɗuwa. Wannan ba ta da nauyi, tana gudu a hanyar da aka share, amma in ta haɗu da ruwan da ya daskare, sai addu'a. Mai bushiyar ba ta zamewa, sai dai za ka ji kamar buhun dankali kake ja."

"In ɗaya kawai na saya fa?"

"To ka sa ta a gaba. In ta baya ta zame, zama za ka yi. In ta gaba ce, ka gaishe mini da likitan ƙashi."

Tuomo ya shafa wannan, ya shafa waccan, ya ce zai yi tunani. Ya koma gida ya yi tunanin, ya dawo, ya sake shafawa. Aka yi ta haka har Aulis ya gaji.

"Wai sayayya kake zuwa ko ziyara? In ziyara ce, ka riƙa riƙo mana ɗan burodi mai kirfa."

Rediyo ce ta raba gardama, da ta ce sanyi mai tsanani na nan tafe. Tuomo ya sayi masu bushiya gaba da baya. Yana shirin fita Aulis ya ƙara masa wata damuwar.

"Kada ka hau ƙanƙara da su yanzu. Sai ka fara yawo a busasshiyar kwalta a hankali, ban da birki mai ƙarfi, har ƙusoshin su zauna. In ba haka ba za su yi ta zubewa kamar haƙoran kakata."

Busasshiyar kwaltar kuwa kwananta ya kusa ƙarewa. Kullum da ya taso daga aiki sai ya shiga zagaya unguwa, tayoyin suna ƙara kamar ana suyar kifi, karen maƙwabta na binsa da ido. Ya dubi sama, ya dubi taya. In ya dawo sai ya durƙusa yana bin ƙusoshin da yatsa, ko wata ta ɓace. Outi ta ce rabon da ya duba ta haka tun kafin aurensu.

Wata safiya aka wayi gari an yi yayyafi ya daskare. Garin gaba ɗaya ya koma madubi.

"Ni dai bas zan bi yau," in ji Outi tana ɗaura gyale. "Akwai kujera."

"Na gode."

Ya fita, hannuwansa sun ƙanƙame kan keken, wuyan hannun da ya karye yana masa zogi tun ba a je ko'ina ba. Kwana ta farko ya sha ta numfashinsa a riƙe. Tayar ta kama. A gangaren da ke kai wa gada ya taɓa birki kamar mai taɓa wuta, ya jira. Ba abin da ya faru. Ya hau gadar, ya wuce daidai inda ya kwanta bara bai kalli wurin ba, ƙusoshin na cizon ƙanƙara kakas-kakas.

Daga nan kafaɗunsa suka fara sauka. Ya riƙa wuce masu tafiya a ƙafa, kowa na takawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, har ya ɗan tausaya musu. Kafin ya kai ofis ya manta sarai abin da ke ƙarƙashinsa.

Ya ja birki, keken ya tsaya cak a bakin titi. Ya sauke ƙafar dama. Takalmin, wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ya yi gaba abinsa, Tuomo ya bi shi, keken ya biyo baya ya kwanta a kansa.

Yana kwance ya motsa yatsu, ya motsa wuyan hannu. Lafiya lau. Ya soma lissafin ko akwai wanda ya gani, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Outi ce.

"Ka isa?"

"Yanzun nan."

"Tayoyin fa?"

"Ko sau ɗaya ba su zame ba."

Ya ɗaga kai. Bas ɗinta na tsaye a danja, tsallaken titin, ita ce a kujerar taga, tana kallonsa.