Wanda Yake Tsayawa a Bayanta

Maganar da ke yawo tsakanin masu wani wasa na intanet ita ce, akwai wani mai doguwar baƙar riga da ba a ganinsa sai a hoto. Wai da farko za ka hango shi can nesa, kullum yana ɗan matsowa, ranar da ya iso kafaɗarka kuwa sai dai a je yi wa iyalinka gaisuwa. Wai haka ta faru da wata yarinya. Na tambayi sunan yarinyar da garinsu, babu wanda ya sani.

Da ban kula ba, don ni shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma duk inuwar da aka taɓa kawo mini ana salati, a ƙarshe maɓallin riga ce ko fil ɗin gashi. Amma jikata Takwara, wadda ta ci sunana kuma take zaune a wurina saboda karatunta, ta daina cin abinci. Ƙofar banɗaki ma ba ta iya rufewa. Jarrabawarta ta ƙarshe saura mako uku, ga littafi a buɗe a cinyarta, shafi ɗaya tun safe.

"Nuna mini dodon naki," na ce.

"Kaka, ba abin wasa ba ne."

"Ai kuwa a cikin wasa kika samo shi. Matsa mini."

A wasan kowa yana da mutumin da yake juyawa. Tata wata mace ce mai jan mayafi da kwari da baka, kuma abin da Takwara ta fi so shi ne ta kai ta wuri mai kyau ta ɗauke ta hoto. Ta nuna mini yadda ake yi. Sai ta danna wani maɓalli, duk rubutun da ke fuskar kwamfutar ya ɓace, har taswira da sunayen da ke yawo bisa kawunan mutane. Sai ta saukar da kyamarar daidai ƙugu, ta jira rana ta faɗo ta gefe, ta dusashe bayan don fuskar ta fito. Takan yi minti goma tana gyara tsayuwa ɗaya.

Sannan ta buɗe mini hotunan makon. A na farko, wani baƙin ɗigo a gindin gada. A na uku ya zama mutum. A na bakwai yana tsaye bayan mai jan mayafin, kusa har gefen rigarsa ya shiga inuwarta, fuskarsa a dushe. Ba zan ɓoye ba, sai da tsigar jikina ta tashi.

"Hotunanki suna da kyau," na ce, "amma da a wurin aikina ne da na kore ki. Hoto babu suna, babu lokaci? Ɗauko mini mummuna. Bar rubutun duka, kada ki dusashe komai."

Washegari da la'asar muka zauna mu biyu. Ta kai mai jan mayafin bakin wani tafki, muka jira. Na ɗora hannuna a kan nata. Can sai ga shi ya ɓullo daga cikin itatuwa, yana tafiya a hankali, da rubutu a bisa kansa kamar kowa: wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana.

"To, ga aljaninki da rajista," na ce. "Mutum ne."

Na zaci za ta yi dariya. Sai ta juyo ta dube ni.

"Kaka, sau uku ina toshe shi, yana dawowa da sabon suna. Na ɓoye kaina, ko ƙawayena ba sa ganin na shiga. Duniyar wasan nan sai ki kwana kina tafiya ba ki ƙure ta ba. Ni kaina ban san tafkin nan zan zo ba sai da na zauna. Ta yaya mutum zai sani?"

A nan ne tsoron ya kama ni sosai, don fatalwa ba ta taɓa hana ni barci ba, amma mutum ya sha yi.

Na ɗauko littafi na ja layuka. Kullum sai na lallashe ta ta shiga na rabin sa'a, ina rubuta ranar, lokacin shiga, wurin da ta je, da mintin da ya ɗauka kafin ya iso. Kwana shida muka yi. Ya zo sau huɗu, bai taɓa wuce minti bakwai ba. Talata da Alhamis bai zo ba. Na yi ta juya shafin ina neman abin da ya raba kwana biyun nan da sauran. Ba lokaci ba ne, ba wuri ba ne. Talata an yi ruwa da iska, mun rufe taga har da labule. Alhamis kaina ke ciwo, na ce ta ja labule.

Teburinta yana jikin bangon da ke fuskantar taga, saboda haka in ta zauna bayanta ne ke wajen titi, fuskar kwamfutar kuma tana kallon waje.

Ban gaya mata ba. Ran Asabar na ce hasken yana damun idona, na ja labulen da kaina. Minti arba'in, babu kowa. Na tashi na ce zafi ya yi yawa, na yaye shi, ban yarda na dubi waje ba. Na koma kujerata ina kallon agogo. Minti shida, sai ga shi.

A tsallaken titinmu akwai bene mai hawa uku, kuma taga ɗaya ce kawai a cikinsa take daidai da tamu. Na san gidan. Wata dattijuwa ce a ciki, muna haɗuwa a layin awon jini, tana zaune da ɗanta da ake kira Injiniya, mutum mai shekara arba'in da wani abu, wanda kan karɓar mini kaya in ya gan ni a hanya.

Zato ba shaida ba ne, ban kuma son ɗora wa ɗan mutane abin da ban gani ba. Na kira ɗana, mahaifin Takwara, na ce ya zo ran Litinin ya zauna a falo, kada ya tambaye ni dalili. Na ce wa Takwara ta shiga wasan ƙarfe huɗu, labule a buɗe. Ni kuma na ɗauki sandata na tsallaka titi.

Matakala talatin da takwas ce, na ƙirga, ina tsayawa ina riƙe ƙirji. Dattijuwar ta yi murna da ganina.

"Yau wace rana! Ke da ba kya zuwa gidan kowa?"

"Ƙafa ce, 'yar'uwa. Injiniya yana nan?"

"Yana ɗakinsa yana aiki. Kullum war haka ba a taɓa shi, ko ni ba na shiga."

Muka taɓa hirar hawan jini da tsadar magani. Huɗu da minti goma na ce zan kewaya. Ta nuna mini lungun, ta ce ƙofar hagu. Na bi a hankali, na ɗaga sandar don kada ta yi ƙara, na murɗa ta dama.

Ya ba ni baya, da abin sauraro a kunnuwansa. A kwamfutar da ke gabansa ga mai jan mayafi, ga baƙar riga a bayanta. A jikin taga, ta tsakanin labule, an kafa kyamara mai dogon baki a kan ƙafafu uku, waya ta taho daga ita zuwa wata kwamfutar ta biyu. A cikin wannan na ga ƙeyar jikata, da kitson da na yi mata shekaranjiya, da gefen gadonta. A ƙasa kuma ƙananan hotuna jere, layi bisa layi, wasu ba a zaune take ba, wasu ma ba a shirye take ba.

Ban san tsawon tsayuwata ba. Sai ya zare abin kunnen, bai ko juyo duka ba.

"Mama, banɗakin yana hagu."

"Tsufa ne, ɗana," na ce. Muryata ta fito daidai, ban san ta yaya ba.

Na ja ƙofar. Na yi wa uwarsa sallama a tsaye, na ce na bar tukunya a wuta. Ina sauka ina jin an buɗe ƙofa a sama, ban waiwaya ba. A titi wani mai mota ya yi mini tsawa, ban ma gan shi ba.

Da na shiga gida na wuce ɗana a falo, na je na ja labulen, na zare wayar kwamfutar daga bango. Ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, lafiya? Me ya faru?"

Na zauna a bakin gadon, na kama hannun Takwara.

"Injiniya ne, na benen can. Yana da kyamara a tagarsa. Da ita yake ganin inda kika je a wasan, kuma ya daɗe yana ɗaukar hotonki a ɗakin nan."