'Yan Dubiyar Mai Fenti

Mai sola yana durƙushe a gaban akwatin fis na gidan mai fenti, ya ciji sukuddireba a baki, lokacin da matan biyu suka fara ja-in-ja a bayansa. Kebul ɗin ya riga ya hauro katanga daga gidan Mai Ƙanƙara, baƙi wuluk, kaurin ɗan yatsa, saura kawai a faɗa masa inda zai ɗaura shi.

Ya riga ya yi musu bayani tun da safe. Hanya biyu ce. Ko ya kafa soket guda a gefen gadon marar lafiya, injin numfashi kaɗai ya riƙa sha, ko kuma ya haɗa da wutar gidan gaba ɗaya, kowane ɗaki ya samu. Shi dai ta farkon ya fi so. Matar mai fenti ma ta farkon ta zaɓa, tana murza bakin zanenta, tana cewa wannan ɗin ma an gode, Allah ya saka. Amma Mai Ƙanƙara, wadda batirin nata ne, farantan sola da ke kan rufi nata ne, ta ce sam. Ta ga yadda tsohuwar nan, matar mai fenti, take laluben hanyar banɗaki cikin duhu da roba a hannu, ta ga ƙafarta da ta kumbura ranar da ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa. Wai ita za ta miƙo wuta gidan maƙwabta ta tsaya tana aunawa da cokali?

Mai sola ya cire sukuddireban daga bakinsa ya ce, "Baba, batir ba rijiya ba ne, randa ce. Abin da rana ta zuba da yini, shi za ku ɗiba."

"To haɗa randar, mu ne masu ɗiba."

Ya haɗa. Ya zare fis ɗin wutar layi ya sa a aljihu, don kada ranar da aka kawo wuta, wutar biyu su yi karo. Ya ɗaure, ya naɗe, ya ɗaga makunni. Ƙwan falo ya kama. Can cikin ɗaki injin ya yi ƙara, ya soma fitar da hucinsa, sai ga muryar mai gidan a shaƙe tana tambaya ko Garwashi ce ta ci gardamar.

Garwashi yake ce mata. Unguwa duk Mai Ƙanƙara suka sani, shi kuwa ya ce bai taɓa ganin mai sayar da sanyi da zafin zuciya irin nata ba. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, tun mijinta na da rai. Shi aikinsa fesa wa motoci fenti, a wata rumfa bayan tasha, ba abin rufe hanci sai tsumma in ya tuna. Ya fesa ja, ya fesa shuɗi, ya shaƙi rabonsa, har ƙirjin ya ce ya gaji. Asibiti sun riƙe shi, sun sallame shi, sun ce a je gida a yi ta lallaɓawa. 'Yarsu da ke aure a nesa ta aiko da injin nan mai tace iska, da siririn tiyo da ake saƙala masa a hanci. Muddin injin na aiki, yana zama, yana magana, har da tsokana. In ya tsaya, kafin a dafa ruwan zafi leɓensa ya soma duhu.

Ana cikin haka taransifomar unguwa ta ƙone. An je an kai kuka, an ce ana nan zuwa, kun dai san irin wannan zuwan. An aro janareto, hayaƙinsa ya cika ɗan tsakar gidan, mai fenti ya yi tari har da jini, aka mayar wa mai shi. Shi ne Mai Ƙanƙara ta dubi firizarta, wadda da ita take ci take sha, ta dubi katanga, ta aika a kira mai sola.

Kwanakin farko abin ya yi kyau. Rana na fitowa tas, inbata, na'urar da ke tura wutar batir zuwa gida, tana rataye a bangon ɗakinta tana nuna layukan cajinta a cike. Firiza ta yi aiki da tsakar rana, da la'asar a kashe ta, a bar wa maƙwabci sauran. Ƙanƙarar ba ta daskarewa yadda ya kamata, masu saye suna mita, ita ko a jikinta.

To amma ƙwan lantarki ba ya ɓoyuwa a unguwar da ke cikin duhu. Tela ne ya fara zuwa dubiya. Ya zauna, ya yi sannu, ya yi addu'a, can sai ya ɗan gyara murya ya tambaya ko akwai inda zai ɗan saƙala wayarsa. Washegari ya dawo da mai shago. Mai shago ya zo da matarsa, matar ta zo da fitilar caji. Kafin mako ya zagayo falon mai fenti ya koma kamar majalisa. Kowane soket an cusa masa mai baki uku, mai baki ukun ma an cusa masa wani. Wayoyin hannu a kan kujera, a kan taga, a ƙasa kamar 'yan tsaki. Ga fitilu, ga rediyo, ga injin askin mai aski. Kuma tun da ba a barin waya a tafi, sai a zauna jiranta. Aka jawo gadon mai fenti kusa da ƙofa. Ana ta hira, ana gardamar ƙwallo, ana tuno motar wane da ya fesa wa kore mai shi ya ce shuɗi ya ce.

Mai Ƙanƙara ta shigo wata rana da hantsi ta tarar da shi yana dariya, irin dariyar da sai ya tsaya ya nemo numfashi sannan ya ƙarasa. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin asibiti. Ta juya ta koma.

Sai gari ya juya. Hadari ya haɗu ya zauna, ba ya zubarwa sosai, ba ya tafiya. Yayyafi da safe, lumshi da rana. Farantan kan rufi suna kallon sama kamar maroƙa. Layukan inbata suka soma raguwa, kuma ba sa komawa inda suke. Ta kashe firiza ɗungurungum. Ta kwance ƙwayayen gidanta, ta daina kunna fanka, ta koma kwana da mafici. Ta kira mai sola, ya zo ya duba, ya goge farantan da tsumma ko da yake ba datti a kansu. Ya ce injin kaɗai ma, a irin wannan sama, da ƙyar. Da wannan taron kuwa, kada ta tambaye shi. Ya ce in ta yarda yanzu zai raba, ya mayar soket guda. Ta ce bari ta fara yi wa mai gidan magana.

Ta same shi da sassafe kafin jama'a su taru. Matarsa na goge masa wuya da tsumma mai ɗumi. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara idonsa a rufe, sannan ya ce tun da ya kwanta, sai ya yini bai ji sallamar kowa ba, sai ta matarsa da ta ita Garwashi. Ya san ba don shi suke zuwa ba, shi ba yaro ba ne. Amma suna zuwa.

"Ki bar su, Garwashi."

"In bar su su shanye maka numfashi?"

"Da ma nawa ya rage?"

Matarsa ta ce ya daina irin wannan magana. Mai Ƙanƙara ta miƙe, ta ce ita ba ta kashe firizarta don mai aski ya yi aski ba, ta fita. Amma ba ta kira mai sola ba. Ta yini tana shiga ɗaki tana fitowa, tana duban layukan nan kamar dubansu zai ƙara su.

Da azahar ɗin washegari inbata ta fara kuka, wani siririn ƙara mai huda kunne, alamar batir ya kusa ƙasa. Kafin ta sa takalmi ƙarar ta yanke, komai ya mutu. Ta zagaya da gudu irin na tsufa. Falo cike, kowa na duba wayarsa yana tambayar me ya faru. A kusurwa matar mai shago tana tsaye da dutsen guga a hannu, rigar makarantar ɗanta a shimfiɗe kan tabarma. Wai ɗan gogewa kaɗan za ta yi. A kan gado mai fenti ya kama ƙarfen gadon da hannu biyu, bakinsa a buɗe, matarsa na yi masa fifita da murfin kwali.

Abin da Mai Ƙanƙara ta faɗa musu a ranar ba zai maimaitu ba. Ta fizge wayoyi tana cusa wa masu su a hannu, ta kira tela da sunan da ba nasa ba, ta ce wa mai shago ko gawa ce ke da soket sai ya zo dubiya. Ta ce duk wanda ya sake tako gidan nan da caja a aljihu, ita da shi. Suka fita sum-sum, wasu na gunguni, wasu kai a ƙasa. Ta koma ta tayar da inbata, injin ya kama. A hankali hannun mai fenti ya saki ƙarfen.

Da yamma mai sola ya zo ya raba. Soket guda, gefen gado. Sauran gidan ya koma duhu.

Ba wanda ya zo washegari. Ko waɗanda za su iya zuwa hannu rabbana ba su zo ba, kunya ta hana wasu, fushi ya hana wasu. Aka mayar da kujeru mazauninsu. Batirin ya ɗan farfaɗo, layi biyu, wani lokaci uku in gajimare ya yi sakaci. Mai Ƙanƙara ta riƙa zuwa tana zama, tana ƙoƙarin jan sa da hira, amma ita ba ta san ƙwallo ba, motocin ma ba ta san su ba. Yakan amsa da kai. Ya daina ce mata Garwashi, sai "sannu da ƙoƙari". Idonsa na kan ƙofa. In an taɓa ƙyauren waje sai ya ɗago, in ya ga iska ce ya mayar da kai. Abinci ya koma cokali biyu, daga baya ruwa kawai.

Sau ɗaya ya tambayi matarsa ko tela lafiya. Mai Ƙanƙara ta ji. Ta yafa mayafi ta je har shagon, ta tsaya a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta ce ya yi haƙuri ya leƙo, ya zo da wayarsa ma in yana so. Tela bai ɗago daga keken ba. Ya ce ai ba komai, Baba, ya wuce, in ya rage aiki zai shigo. Ta biya wajen mai aski, shi ma ya ce in sha Allahu.

Da la'asar ɗin ranar tana zaune a ɗakinta, tana tsince wake a faranti don hannunta ya samu abin yi. Inbata na da 'yar fanka a ciki, tana hurawa muddin ana jan wuta, har kunnenta ya saba ya daina jin ta. Sai ta ji ɗakin ya yi tsit. Ta ɗaga kai. Fitilar inbata na nan kore, layi biyu cur, ba abin da ya lalace. Jan wutar ne aka daina. Wani ya kashe injin a can.

Ta ajiye farantin a hankali. Ba ta yi gudu ba wannan karon.

Ƙofar a buɗe take. Matar mai fenti na zaune a bakin gado, ta cire masa tiyon ta naɗe shi a cinyarta. Ba ta kuka. Ta dubi maƙwabciyarta ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tashin wani daga barci, "Ya cika. Na ga kada a yi ta ɓarnar wutarki."

"Yaya," in ji Mai Ƙanƙara.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon. Ya kamata a fita a sanar da mutane, su biyun sun sani, amma ba wadda ta motsa. A waje yayyafi ya dawo, yana taɓa kwanon rufi kaɗan-kaɗan. Tiyon ya bar masa shati biyu a kumatu, daga hanci zuwa kunne, matar ta sa babban yatsa tana shafawa a hankali, tana shafawa, ko za su baje.