Jiniya Har Bakin Kogi

"A ja ta gabas! A hankali, kar a saki!"

Majiya ƙarfin Tudun Gaude suka ja igiya, turken ƙarfen ya miƙe har ya zauna daram a gindin sumuntin da aka zuba masa a bakin firamare. Ruƙayyatu na tsaye cikin mata, mayafinta na ƙamshin hayaƙi, don daga kan tukunya ta taso. Ita ce shugabar mata masu turara shinkafa a garin, ita kaɗai ce kuma mace a kwamitin da ya yi ta sintiri Bunkure har wata ƙungiya ta yarda ta ba su jiniyar gargaɗin ambaliya.

Mudassiru, injiniyan da ƙungiyar ta turo daga Kano, ya hau tsani ya ɗaura farantin sola, sannan ya ɗaura jiniyar. Kamar lasifikar masallaci take, sai dai ta fi ta faɗin baki. Ya sauko ya haɗa wayoyi a akwatin batir, ya juyo wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, abin ba wuya. In masu duba kogi can sama suka bugo waya cewa ruwa ya taso, a buɗe akwatin nan a danna jan maɓallin nan. Jama'a, gwaji za mu yi, kar kowa ya tsorata."

Ya danna.

Kukan ya fara daga ƙasa ya yi ta hawa har sai da mata suka toshe kunne. Awaki suka tsinke igiya, wani jaki ya zubar da mangala. Da ta lafa, filin ya kaure da dariya da tafi.

"Alhamdu lillahi," in ji mai unguwa. "Wannan ko gawa ta ji sai ta motsa. Liman, a yi mana addu'a a sallami baƙo."

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri," Ruƙayyatu ta ce. "Mu da ke gindinta mun ji. Na bakin kogi fa?"

Babu wanda bai san dalilin tambayarta ba. Bara, a wani ɗan fari da aka yi a tsakiyar damina, mijinta Mukhtari yana cikin ramin injin ban ruwa a ƙarshen fadama lokacin da kogi ya ciko. Ranar ko hadari babu a garin, ruwan da aka yi can kudu ne ya gangaro. Waɗanda suka hango shi tafe sun yi ta ihu daga kan gaɓa, ƙarar inji ta hana shi ji, har ruwan ya tafi da shi.

Ta ciro waya ta kira Abuzar, manomin da take bai wa gonar Mukhtari yana nomawa suna raba amfani. Ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Abuzar, ka ji jiniya?"

"Na'am? Wace jiniya? Ɗaga murya, Hajiya, inji na aiki!"

Mudassiru ya share gumi da bayan hannu. "Ta yi gaskiya. Iska daga kogi take busowa, tana maido sautin cikin gari. Zan juya bakin ya kalli fadama, amma sai wani ya tsaya can da waya yana faɗa mini."

"Ni zan je," ta ce.

Yayanta Iliyasu ya biyo ta har inda ya jingine babur. "Ruƙayya, bari in je ni kaɗai. Tun da abin nan ya faru ba ki taka wurin ba."

"Yaya, kai kana iya cewa ka ji don a huta. Ni ba zan ce ba sai na ji."

Ya ta da babur.

Suka bi gefen babbar hanyar ruwa, suka wuce gonakin da ruwan kanal ke kaiwa, inda mata ke duƙe suna dashen shinkafa. Daga nan hanya ta ƙuntace, aka shiga gonakin da ba su da rabo a kanal, kowa da injinsa yana jan ruwa daga kogi. Tun daga nesa ake jin su, tatatatata, wannan na amsa wa wancan. Gonar Mukhtari ce ta ƙarshe. Ruƙayyatu ta sauka ta tsaya a kan gaɓa. Kogin ya janye, yashi ya fito a tsakiyarsa, har balbelu na kiwo. Ta kawar da kai ta kira Mudassiru.

"Injiniya, mun iso. Danna."

Ta cikin waya tana jin kukan, amma da ta janye wayar daga kunne, babu komai sai injuna.

"Ba ta zo ba."

Mudassiru ya sake hawa tsani ya ƙara juya ta. Babu. Ya ce ta jira, akwai guntun bututun ƙarfe a motarsa, zai ƙara wa turken tsawo. Wannan ya ɗauki lokaci, har suka yi azahar a gindin wata giginya. Rana ta yi zafi, Iliyasu ya kawo mata ruwa ta sha.

Da aka sake dannawa, sai ga shi, siriri kamar kukan sauro.

"Ta zo!" Iliyasu ya ce. "Wallahi ta zo. Gaya masa."

"Tsaya tukuna."

Ta tattare zani ta nufi ramin. An yanka shi ne a jikin gaɓa don inji ya kusanci ruwa, zurfinsa ya ɗara tsayin mutum. Abuzar na ciki yana gyara tiyo. Ya ɗago ya gan ta tana gangarowa da baya, tana dafa ƙasa, sai ya miƙe da sauri ya ba ta wuri. Ta tsaya dab da injin, inda mai aiki ke tsayawa, ƙarar na ratsa mata haƙora.

"Injiniya, sake dannawa!"

Ta jira har Mudassiru ya ce ya saki. Ko alama ba ta ji ba.

Ta fito ta koma gindin giginya don ta ji shi sosai. Muryarsa ta nuna gajiya.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, iya ƙarfinta ke nan. Na ƙure tsawo, na ƙure sauti. Zan roƙa a ƙaro ta biyu a kafa a fadama, amma ba na jin za ta samu kafin damina. Ga mai unguwa yana cewa jama'a sun gaji."

"Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Ka yi mini ɗaya, ka danna ka daɗe ba ka saki ba."

Ita kanta ba ta san me take nema ba. Ta dai koma bakin ramin ta tsaya, kukan sauron nan na zuwa yana ɓacewa. Ana cikin haka injin gonar da ke maƙwabtaka da su ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare masa. Nan take kukan ya ƙara kauri, har Abuzar da ya leƙo daga rami ya karkata kai.

"Injiniya, inji ɗaya ya mutu a nan, sai ta ƙara fitowa."

Mudassiru ya ce, "To, ai su ne ke cinye ta. In na kusa da gari suka kashe, na gaba da su za su ji, su ma su kashe. Amma wa zai sa manoma su kashe inji ana tsakar ban ruwa?"

"Ka ba ni zuwa la'asar."

Suka hau babur suka bi gonakin ɗaya bayan ɗaya. Magana ɗaya take faɗa wa kowa: in ka ji jiniya, kafin ka gudu, kafin ka kira kowa, kashe inji, sannan ka ɗaga wa na gaba da kai hula har ya gan ka. Wasu suka amsa nan take. Wasu suka ce to, alhali idonsu na kan ruwan da ke shiga kwamin gonarsu. Ba ta barin wurin sai mutum ya maimaita mata.

A tsakiyar fadama suka tarar da Baba Sammani, mai injin da ya fi na kowa ƙara, tsohon inji ne da aka ɗaure da waya ta ko'ina. Ya saurare ta har ta gama, ya girgiza kai.

"'Yata, wannan in na kashe shi, sai na ɗura masa ruwa na yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. In ranar gaske ta zo zan kashe. Yau ai wasa kuke."

"Baba, ranar gaske ba ka da lokacin tunawa. Abin da hannu ya saba shi zai yi. Kuma in naka bai mutu ba, duk na bayanka ba su ji."

"Kin raina mini hankali ne? Ni na san ruwan nan. Da hannun nan na ciro Mukhtari daga cikin ciyawa."

"Na sani, Baba. Ban taɓa zuwa na yi maka godiya ba, don ban iya ba. Yau na zo. In ya ƙi tashi, Yaya zai ja maka igiya."

Tsohon ya daɗe yana kallon injinsa. Sannan ya zauna a kan kunya ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Je ki. Ina saurare."

Bayan la'asar ta sake gangarawa ramin. Ta ce wa Abuzar ya ci gaba da aikinsa kamar ba ta nan, Iliyasu kuma kar ya yi musu alama.

"Injiniya, bismilla."

Da farko babu abin da ya canza. Injin na ta bugu, ruwa na tafiya cikin tiyo. Ta kafa ido a bakin ramin, inda ba a ganin komai sai sama da kan gaɓar maƙwabci. Ta fara tunanin ko Baba Sammani ya fasa. Sai ga hula tana kaɗawa a kan gaɓar. Abuzar ya ɗago ya gan ta, ya kai hannu ya murɗe injin.

Shiru ya sauka a fadamar gaba ɗaya, kukan jiniya ya cika ramin, yana hawa yana sauka, tas kamar a ƙofar gida.

Abuzar ya haye sama da gudu yana dariya. Ruƙayyatu ta bi bayansa, ta dafa nan ta taka can, sai ga ta a kan gaɓa. Ta waiwaya ta dubi ramin. Ashe fitowar ba ta da nisa ko kaɗan. Ta sa gefen mayafi ta goge fuska.

"Hajiya? Hajiya, kin ji?" Mudassiru ke tambaya ta waya, ana ta hayaniya a bayansa.

"Na ji, har cikin rami. Ɗaure ta a nan, kar ka ƙara motsa ta. Allah ya saka da alheri."

Can cikin fadama ana jiyo Baba Sammani yana ƙwala wa Iliyasu kira ya zo ya cika alkawari. Iliyasu ya nufi babur, amma ya ga ba ta biyo shi ba. Tsallaken kogi take kallo. A can ma akwai ramuka a jikin gaɓa, injuna na ta hayaƙi, mutane na duƙe a gindinsu, ko ɗaya bai ɗago ba.

"Yaya, waɗancan mutanen wane gari ne?"

"Ba namu ba ne, Ruƙayya. Ƙasar wani dagacin ce."

"Ta ina ake haurawa?"

Ya dube ta, ya dubi rana. "Sai an zaga ta gada."

"To, ka zuba mai. Gobe in na sauke tukunyar farko sai mu tafi."